Darasin Rediyo: Neman Arewa Da Rana

 Darasinmu na yau a kan awon ƙasa ne.

Mai awon ƙasa ba ya soma aiki sai ya san ina ne arewa. Kamfas ke nuna masa, wato 'yar allurar nan mai juyawa cikin batta. Amma allurar tana da aibi guda: in ta kusanci ƙarfe sai ta karkace. Ku mutanen Adar kun san tama, dutsen da maƙeranmu na da ke narkawa su fid da ƙarfe.

To, tamar nan ce ta dami wani mai awo a yankin Mishigan na Amurka, sunansa William Austin Burt. Sai ya ƙera na'urar tagulla mai aiki da rana, hukuma ta ba shi takardar shaida a 1836. Tana da ɗan gilashi mai tara hasken rana ya zama ɗigo guda. Mai awo ya daidaita ta da wurin da yake da kwanan wata, ya juya ta har ɗigon ya faɗa tsakanin waɗansu zane-zane. Ya sami arewa ta gaskiya ke nan. Yanzu GPS ta karɓe aikin. Tsofaffin na'urorin suna gidajen tarihi, masu sha'awa kuma suna saye suna adanawa.

Ku ma kuna iyawa, ba ko dala. Ku kafa sanda a miƙe a fili. Da hantsi ku sa dutse a bakin inuwarta. Ku ɗaura igiya a gindin sandar, ku zana da'ira ta bi ta kan dutsen. Bayan azahar, in bakin inuwa ya sake taɓa da'irar, ku sa wani dutse. Dutsen farko yamma ne, na biyu gabas. In kun fuskanci gabas, arewa na hagunku.

Amma a kula! Kada ku ce inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa. A ƙasarmu, daga farkon Mayu zuwa wajen tsakiyar Agusta, kudu take faɗuwa. Mai shata masallaci kuma ya sani, alƙiblarmu ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa.

Kowa ya gwada gobe, ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa malaminsa.