Hunturu: Daga Ina Ƙurar Take Fitowa?

Hunturu lokaci ne na busasshiyar iska mai sanyi da ƙura, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas ta ratsa Afirka ta Yamma. A ƙasar Hausa yakan kama daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, ya fi tsanani a Disamba da Janairu.

Iskoki biyu ne ke juya yanayin wannan yanki. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atalantika ɗauke da laima, ita ke kawo damina. Ɗayar kuma daga Sahara take fitowa, babu ɗigon ruwa a tare da ita. Mahaɗarsu ba ta tsayawa wuri guda, bin rana take yi. A watan Agusta mahaɗar kan matsa can arewa cikin hamada, iskar teku ta lulluɓe Kano da Zinder, ruwa ya yi ta zuba. Idan shekara ta zo ƙarshe sai ta koma kudu kusa da gaɓar teku, iskar hamada ta samu fili.

Kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, wurin yana ƙarƙashin wani makeken tafki da ya fi ƙasar Ghana faɗi, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Iska kan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Cikin kwanaki kaɗan hazo ya rufe Maraɗi da Katsina. Wani ɓangaren ma yakan tsallake teku har dajin Amazon a Kudancin Amurka.

Sanyin dare kuwa rashin laima ke jawo shi. Gajimare da tururin ruwa su ke riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, kamar mayafi. Idan babu su, zafin yakan tsere sama da zarar rana ta faɗi, shi ya sa asuba ke da tsananin sanyi.

Bushewar iskar na tsaga leɓe, ta kawo faso da tari, gobara kuma ta yawaita. Hazo kan hana jiragen sama sauka, cutar sanƙarau ma ta fi yaɗuwa a watannin rani. Amma ƙurar da ke sauka a gonaki taki ce, domin tana ɗauke da ma'adinan da ƙasar noma ke buƙata. Sanyin kuma shi ke ba manoman rani damar noma alkama a Kadawa da kwarin Haɗeja, abin da zafin bazara ba zai bari ba.