Gaggafar Holan: Kan jirgin da aka sake ƙerawa daga takarda

A gidan tarihin jiragen ƙasa da ke birnin Utrecht na ƙasar Holan, akwai wani kan jirgi mai dogon bututun hayaƙi da ake kira De Arend, wato Gaggafa. Duk wanda ya gan shi zai rantse tsohon kaya ne na shekarun 1800. Alhali kwafi ne, domin na asalin ya daɗe da ɓacewa.

Wani kamfani mai suna Longridge da ke Bedlington a Ingila ne ya ƙera Gaggafa ta asali. Ranar 20 ga Satumba, 1839, ita da 'yar uwarta De Snelheid, wato Sauri, suka ja jirgin ƙasa na farko a Holan, daga Amstadam zuwa Haarlem. Kafin nan, jama'a kan yi wannan tafiya ne cikin kwalekwalen da doki ke ja ta bakin ruwa. Da Gaggafa ta tsufa, a 1857 aka daina aiki da ita, aka wargaza ta.

Da bikin cika shekara ɗari na jirgin ƙasa ya gabato a 1939, sai Holan ta ga ba ta da kan jirginta na farko da za ta nuna. To, yaya za a ƙera abin da babu shi? Sa'ar da aka yi ita ce, zanen wani kan jirgi irinta mai suna Leeuw, wato Zaki, yana nan a ajiye. Da shi ma'aikatan babbar maƙerar jiragen ƙasa ta garin Zwolle suka yi aiki.

Ku tuna, ba mutum-mutumi aka nema ba, injin da zai yi tafiya ake so. Dole wuta ta tafasa ruwan tukunya, tururi ya shiga silinda ya tura fistin gaba da baya, shi kuma ya juya manyan ƙafafu biyu na tsakiya. Idan awo ya kuskure, ko tururi ya zurare, ko fistin ya cije.

Akwai kuma matsalar layin dogo. Faɗin layin Gaggafa milimita 1,945 ne, na Holan a yau kuwa 1,435 ne. Bambancin ya haura rabin mita. Maƙeran ba su rage faɗinta don ta dace da zamani ba, shi ya sa duk inda za ta yi tafiya sai an shimfiɗa mata nata layin.

Mu ɗalibai mun san yadda ake raina darasin zanen fasaha, ana ganin ɓata lokaci ne da fensir da rula. Amma wanda ya zana Zaki bai san cewa bayan kusan shekara ɗari wasu maƙera za su dogara da layukansa ba. Ƙarfen ya tafi, takardar ce ta dawo da shi.

Don haka, ƙannenmu, idan kun haɗa wani abu a kulob ɗin kimiyya, ko da motar gwangwani ce, ku auna ta, ku zana ta, ku rubuta awon da kwanan wata, sannan ku adana takardar inda gara da ruwa ba za su kai gare ta ba.