'Yar Tsere Ko Motar Ƙasaita: Wace Ce Ta Fi Saurin Zabura?

Daga Wakilinmu

Sau da yawa idan ma'aikata suka taru ana hira bayan an tashi daga ofis, ko kuwa ɗalibai suna hutawa a inuwar makaranta, gardamar motoci ba ta rasa shigowa. Galibi kowa ya ɗauka cewa ƙaramar motar nan mai ƙofa biyu, irin ta 'yan tsere, ita ce gwana wajen zabura, ita kuwa babbar motar ƙasaita ta manya sai dai ta yi taƙama da laushin kujera. To, wannan zato ya taɓa shan ƙasa a Jamus cikin 1968, kuma darasin da ke cikin labarin ya shafi duk mai riƙe da sitiyari.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda masana ke auna zaburar mota. Akan tsayar da ita cik, sannan direba ya take totur, a ƙidaya daƙiƙa nawa za ta yi kafin gudunta ya kai kilomita 100 a awa ɗaya. Wadda ta riga isa ita ce ta ci. Wannan ma'auni daban yake da iyakar gudun da mota za ta iya yi bayan ta miƙe hanya.

Motocin da za mu gwada duka biyun 'yan gari ɗaya ne, wato Stuttgart. Ta farko ita ce Porsche 911S da ta fito cikin 1966. Injinta lita 2 ne mai silinda 6, an girke shi a baya, iska ke sanyaya shi, yana ba da ƙarfin doki 160. Nauyinta duka bai wuce kilo 1,030 ba. Ta biyu kuwa ita ce Mercedes-Benz 300 SEL 6.3, mai ƙofa huɗu da giya mai canja kanta, nauyinta kusan kilo 1,780.

Asalin wannan Marsandi abin ji ne. Wani injiniyan kamfanin mai suna Erich Waxenberger ne ya ciro ƙaton injin nan mai silinda 8 da lita 6.3 daga Mercedes 600, motar da shugabannin ƙasashe ke shiga, ya cusa shi cikin gangar jikin da ba ta kai ta 600 girma ba. Da manyansa suka ɗana suka ji yadda take, sai suka amince a ƙera ta don sayarwa. An nuna ta a bikin motoci na Geneva cikin watan Maris na 1968, kuma kafin a daina ƙera ta a 1972 an yi guda 6,526.

In an bi lissafin takarda, Porsche ce ya kamata ta ci. Injin Marsandin yana ba da ƙarfin doki 250, amma idan aka raba nauyinta da wannan ƙarfi, kowane doki yana jan kilo 7 da 'yan kai, alhali na Porsche kilo 6 da rabi ma bai cika ba. Duk da haka, da aka auna sai Marsandi ta kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 6.5, ita kuwa Porsche tana bukatar kamar daƙiƙa 8. Wajen iyakar gudu ne kawai ƙaramar ta ɗan sha gabanta, 225 da 220.

Ina dalili? Dalilin yana ga abin da injiniyoyi ke kira ƙarfin murɗawa, wato ƙarfin da inji ke juya tayoyi da shi. Na Marsandin ya kusa ninka na Porsche sau uku, kuma yana cika tun inji na juyi 2,800 a minti ɗaya. Na Porsche ba ya cika sai juyin ya haura 5,000. Ke nan da an taka totur babbar ta riga ta sami abin tura kanta, ita kuwa ƙaramar sai injinta ya ɗau kuka, direba kuma ya yi ta taka kuloci yana canja giya da hannu.

Amma fa gaba da gabanta. Nauyin da bai hana Marsandi zabura ba, shi ne ke cin ta a kwana da wajen birki. Idan motocin biyu suna gudu daidai, zafin da birkin babbar zai sha kafin ta tsaya ya fi na ƙaramar da kusan kashi 70 cikin 100, kuma tayoyinta sun fi saurin cinyewa. An ga haka cikin 1971 a tseren awa 24 na Spa da ke Beljiyam, inda kamfanin AMG ya shigar da irin wannan Marsandi bayan ya faɗaɗa injinta zuwa lita 6.8. Ta ba mutane mamaki da ta zo ta biyu, amma Ford Capri wadda ba ta kai ta nauyi ba ita ce ta ɗauke kambin, don kuwa ba ta shan mai ko cin taya kamar babbar.

Har ila yau zancen bai mutu ba. Motocin lantarki suna ba da ƙarfin murɗawarsu tun daga tsaye, shi ya sa kamfanin Tesla na Amurka ya ce motarsa Model S Plaid ta 2021, mai ƙofa huɗu da nauyin fiye da tan 2, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 2.1.

Ga ma'aikacin da ke shirin karɓar bashin mota, da ɗalibin da ke mafarkin tasa, abin lura shi ne zabura tana da amfani wajen wuce babbar mota a kan lokaci, amma ba ita kaɗai ce abin tambaya ba. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki. In kuwa aka ninka gudu, nisan da za ta ja kafin ta tsaya ya ninka sau huɗu. Saboda haka kafin a tambayi dillali daƙiƙa nawa mota ke yi ta tashi, a fara duba birkinta da tayoyinta, don Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.