Sukari Ba Ya Maye Gurbin Taki

Tun da farashin takin zamani ya fi ƙarfin talaka, wata magana ta yaɗu a wayoyin hannu, wai idan manomi ya jiƙa sukari ya zuba a gindin shuka, to, ya huta da sayen kamfa da sufa. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai, domin an ɗauko wani yanki ne na binciken malamai aka karkatar da ma'anarsa.

Haƙiƙanin al'amarin shi ne, idan shuka ta rasa sinadarin fosfet a ƙasa, akwai waɗansu ƙwayoyin gado a cikin saiwarta da sukan farka, su sa ta yawaita rassa da gashi, ta kuma fitar da ruwa mai tsami da zai narkar da fosfet ɗin da ya maƙale. Amma wannan farkawa ba ta cika sai sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana ya gangaro ya isa saiwa. A shekarar 2005 masana a Minnesota ta Amurka suka tabbatar da haka a kan farar lupin, wata shuka dangin wake: da suka katse hanyar da sukari ke bi a jikin kara, sai ƙwayoyin nan suka yi sanyi, alhali yunwar fosfet ɗin tana nan. A 2011 kuma, a Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin, aka ga wani tsiro mai tara sukari fiye da kima yana nuna alamomin yunwar fosfet ko da an wadata shi.

Misalin sukari a nan tamkar abincin da ake kai wa mai haƙar rijiya ne: idan bai ci ba, ba zai iya haƙa ba, amma ko an cika masa ciki, abincin ba ya sanya ruwa a inda babu shi. Sa'an nan sukarin da aka zuba a ƙasa, ƙananan halittun cikinta ne ke cinyewa, su hayayyafa, su kama ɗan sinadarin da ya rage.

Ƙasarmu ta jigawa kuwa matalauciya ce wajen fosfet, kamar yadda binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ya bayyana a kan gero. Can ne aka jarraba zuba taki cikin murfin kwalba a kowane rami lokacin shuka, aka ga fa'idarsa. Abin takaici, ga dutsen fosfet jibge a Tawa da Sakkwato, amma hukumomi sun bar manomi yana karɓar fatawa daga waya.

Saboda haka, ya kai manomi, idan ka ga ganyen masararka ya koma shunayya tun tana ƙarama, ka nemi malamin gona, ka kuma tanadi taki mai fosfet tun kafin shukar baɗi.