Yaron da bai iya magana ba, ta yaya ake duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa?

Da yawanmu idan muka ji an ce lafiyar ƙwaƙwalwa, babban mutum ne ke zuwa mana a rai. Yaro ɗan shekara biyu kuwa, me ya sani da har za a ce yana da damuwa? Sai dai bincike ya nuna yaran da ke tsakanin shekara 1 zuwa 3 su ma suna shiga matsalar tsoro, firgici da tsaikon girma, illa dai ba su da bakin faɗa. Jikinsu da halinsu ne ke nunawa. Har akwai littafi na musamman da masana ke amfani da shi wajen gane matsalolin yara daga haihuwa zuwa shekara 5, wanda ƙungiyar Zero to Three ta Amurka ta fitar a 2016.

Me ya sa shekarun farko ke da muhimmanci

A shekarun farko na rayuwa, ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin mahaɗai tsakanin ƙwayoyinta fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Abin da ke ƙarfafa waɗannan mahaɗai shi ne mu'amala: yaro ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi kuka a ɗauke shi, ya nuna abu da yatsa a faɗa masa sunansa.

An ga tasirin wannan ƙarara a Romaniya. Daga shekarar 2000, masu bincike suka bibiyi yara 136 da ke gidajen marayu a birnin Bukares. Rabinsu an ba da su riƙo ga iyalai, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda suka samu iyali sun fi sauran ci gaba a fahimta da shaƙuwa, kuma waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2 su suka fi amfana. Wato taimako yana aiki, kuma ya fi aiki idan ya zo da wuri.

Rigimar yarinta ce ko matsala?

Birgima, ƙiwa, "a'a" ga komai, duk al'adar wannan shekaru ce. Haka nan yaro kan sauya na ɗan lokaci bayan yaye, musamman idan an kai shi gidan kaka, ko bayan an yi masa ƙani. Yawanci wannan yakan wuce da kansa.

Abin dubawa shi ne tsanani, daɗewa, da kuma ko abin yana hana yaron ci, barci da wasa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Washintan da ke Sent Luwis a 2008 ya gano cewa rigimar da ke wuce minti 25 a kai a kai, ko wadda yaro ke ji wa kansa ciwo a cikinta, ko ya kasa lafawa sam, ta fi alaƙa da matsalar da ke buƙatar dubawa.

Ga wasu alamomin da bai kamata a jira ba:

Yaro ya cika shekara 1 ba ya gwaranci, ba ya nuni da yatsa, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa.

Ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Mama zo".

Ya daina abin da ya riga ya iya, kamar magana ko kallon fuskar mutane. Wannan a kowane shekaru abin gaggawa ne.

Ya sauya bayan wani tashin hankali, kamar hari, gobara, gudun hijira ko rasuwar mahaifiya: firgita cikin barci, maƙalewa jikin mutum ɗaya, ko yin shiru ya daina wasa na makonni.

A wurare da dama ana danganta irin wannan da iska, ko a ce "ai babansa ma bai yi magana da wuri ba". Matsalar ita ce watannin da ake kwashewa ana jira su ne watannin da taimako ya fi amfani.

A ina za a fara?

Ku fara da likitan yara, ko ma'aikacin lafiya a asibitin da kuke zuwa awo da rigakafi. Dalili kuwa shi ne wasu matsalolin hali asalinsu a jiki yake. Yaron da ba ya ji sosai ba zai yi magana da wuri ba, kuma zai yawaita fushi, don haka gwajin ji yana cikin abin da ake fara yi. Ƙarancin jini, tamowa, farfaɗiya, da illar sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa duk suna iya sauya hali. Haka gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, tana lalata ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu.

Idan ana zargin otizim, wato lalurar da wasu ke kira galahanga, akwai takardar tantancewa mai suna M-CHAT, mai tambayoyi 20 da iyaye ke amsawa game da yaro ɗan wata 16 zuwa 30. Ba ita ke tabbatar da lalurar ba, tana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne kawai.

Daga nan sai a tura ku gaba. A Najeriya ƙwararrun sun yi ƙaranci, domin likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, kuma masu ƙwarewa kan yara 'yan kaɗan ne a cikinsu. An fi samun su a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware a Sakkwato. Ku tafi da katin rigakafi, da wanda ya fi zama da yaron, da gajeren bidiyon halin da ke damun ku, tunda yaro ba lallai ya yi shi a gaban likita ba.

Yadda jinyar take

A nan ne mutane suka fi mamaki. Ɗan shekara biyu ba a zaunar da shi a ce ya faɗi damuwarsa. Mafi yawan aikin da iyaye ake yin sa. A wata hanya da Sheila Eyberg ta ɓullo da ita a Amurka a shekarun 1970 don yara 'yan shekara 2 zuwa 7, uwa ko uba na wasa da yaron, ƙwararre na kallo daga wani ɗaki yana ba da shawara ta na'urar kunne: yaba masa a nan, kar ki kula wannan, ba shi umarni ɗaya tak.

Kuma ba sai da kayan tsada ba. A Jamaika, a shekarun 1980, ma'aikatan lafiya na unguwa sun riƙa ziyartar gidajen yara masu tsumburewa a birnin Kingiston duk mako har shekara 2, suna koya wa iyaye wasa da hira da yaransu da kayan wasa na gida. Bayan kusan shekara 20, kuɗin da waɗannan yara ke samu ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Ƙwararre na gaskiya zai tambayi lafiyar uwa ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Uwar da ke cikin wannan hali amsa wa yaro yakan yi mata nauyi, ba don ba ta son sa ba. Kula da ita wani ɓangare ne na kula da shi.

Tambayoyin da za ku yi wa ƙwararren

Wane horo kuke da shi kan yara 'yan ƙasa da shekara 5? Za mu kasance a ɗakin? Me za mu riƙa yi a gida? Bayan wata nawa za mu zauna mu duba ko ana samun ci gaba? Nawa ne kuɗin kowane zuwa?

Ku yi hattara da duk wanda ya yi alkawarin warkar da otizim, ko ya ce a bar masa yaron, ko ya rubuta ƙwaya bai yi cikakken bincike ba. A wannan shekaru, koyar da iyaye shi ne mataki na farko, magani ba kasafai ake fara da shi ba. Kada kuma a sayo maganin sa barci a kemis don yaro ya lafa.

Idan asibitin ya yi nisa ko layi ya yi tsawo, ku karɓi ranar ganin likita, sannan ku fara abin da ke hannunku: minti 10 zuwa 15 kullum na wasan da yaron ke jagoranta, hira da waƙa lokacin wanka da cin abinci, lokacin barci tsayayye, rage kallon waya, da daina duka. Ku riƙa rubuta sababbin kalmominsa da ranakun da rigimar ta yi tsanani, ku tafi da takardar ranar ganin likita.