Garin gaɓoɓin doki: abin da mai barga ya kamata ya sani kafin ya zuba kuɗinsa

Da zarar Sallah ta ƙarato, ko kakar wasan ƙwallon dawaki ta kama a Kaduna, Kano da Katsina, sai tallace-tallace su cika wayoyin masu dawaki. Ga robobi masu hoton ingarma yana sukuwa, ga garin da ake barbaɗawa a kan dusa, ga na ruwa a jarka. Alkawarin kowanne ɗaya ne: zai gyara gwiwa, ya kawar da ɗingishi, ya mayar da tsohon doki duƙushi. Yawancin kayan nan daga Turai da Amurka ake shigo da su, da dala ake sayo su, don haka kuɗin roba ɗaya kan isa ya sayi harawar makonni. Mai doki kuwa ba ya jin zafin kashe wa dabbarsa kuɗi, kuma 'yan talla sun san haka sarai.

A kowace gaɓa, inda ƙashi biyu suka haɗu, akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe bakinsu, da wani ruwa mai yauƙi da ke hana su gogar juna. Guringuntsin nan ba shi da jijiyoyin jini a cikinsa, shi ya sa idan ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Daga nan sai kumburi, sai zafi, sai ƙashi ya fara tsiro a gefen gaɓar. Wannan shi ne amosanin gaɓoɓi, kuma yana sahun gaba cikin abubuwan da ke sa doki ɗingishi a ko'ina a duniya. Ƙafafun gaba sun fi shan wahala, domin su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki.

To, me ke cikin robar? Galibi gulukosamin ne, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, da kondiroitin da ake tatsowa daga guringuntsin shanu, ko na aladu, ko na kifin shak. Wasu kan ƙara wani sinadari mai suna MSM, ko man kifi, ko kurkur, ko wani abu da ake haɗawa daga man fiya da na waken suya. Hujjar masu sayarwa tana da daɗin ji: tun da daga irin waɗannan sinadarai jiki ke gina guringuntsi, in aka ba doki ya ci, za su je su cike gurbin da ya lalace.

Sai dai cikin doki ba haka yake aiki ba. Wani bincike da aka yi a Kanada aka buga a 2005 ya gano cewa kusan kashi 6 cikin 100 kacal na gulukosamin da aka ɗura wa doki ne ke shiga jininsa, abin da ke isa cikin gaɓar kuwa bai kai haka ba. A Holan, cikin 2014, masana sun wallafa sakamakon ba tsofaffin dawaki haɗin gulukosamin da kondiroitin da MSM na tsawon wata 3. Da aka auna takunsu, ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Ba a ce duka banza ne ba. A Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka an gwada haɗin fiya da waken suya a 2007, aka ga ya rage lalacewar guringuntsi, amma ɗingishin bai ragu ba. Iyakar abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, wasu daga cikin kayan nan na iya ɗan tallafa wa gaɓa a hankali. Babu wanda ke tayar da guringuntsin da ya riga ya cinye.

Akwai kuma matsalar abin da aka rubuta a jikin roba. A 2006 wasu masu bincike a Kanada sun tattaro nau'i 23 na garin gulukosamin na dawaki suka auna. Guda 9 ba su ƙunshi adadin da aka rubuta a jikinsu ba, wasu ma ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A can ke nan, inda ake da ɗakunan gwaji. Dalili shi ne ba a ɗaukar irin waɗannan kaya a matsayin magani, don haka ba a tilasta wa kamfani ya tabbatar suna aiki kafin ya kai su kasuwa. Ina ga wanda aka juye a leda babu suna babu kwanan wata, ya kuma sha rana a rumfar kasuwa?

Wasu kuma kemis suke zuwa su sayo ƙwayar gulukosamin ta mutane, su fasa ɗaya ko biyu a dusa. A yi lissafi. Adadin da aka yi amfani da shi a binciken dawaki shi ne miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin dabba. Dokin da ya kai kilo 350 zai buƙaci giram 7 a rana, wato ƙwaya 14 mai miligiram 500. Ƙwaya biyu asarar kuɗi ce kawai.

Asarar kuɗi mai sauƙi ce. Abin tsoron shi ne garin da ke aiki nan take. Duk mai sayar da gulukosamin na gaskiya zai gaya maka sai an yi makonni ana bayarwa kafin a sa ran ganin wani canji. Idan ka ba dokinka wani haɗi yau, jibi ka ga ya daina ɗingishi yana haniniya, to ka yi zargin akwai maganin kashe zafi a ciki. Ba a kan dabbobi kaɗai ake wannan ha'inci ba: a 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wasu ƙwayoyin gaɓoɓi na mutane da aka samu diklofenak da deksametazon a ɓoye a cikinsu. Zafin da doki ke ji shi ke hana shi ɗora nauyi a kan ƙafar da ta samu rauni. In aka kashe zafin aka ɗaura masa sirdi, sai ya yi gudu a kan jijiyar da ta fara tsinkewa, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Fenilbutazon, wanda likitoci ke bai wa dawaki bisa ƙa'ida, yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda idan aka zarce da shi, musamman ga dokin da ya yi gumi bai sha isasshen ruwa ba. Deksametazon da dangoginsa kuma na iya haddasa ciwon cikin kofato, wanda in ya yi tsanani doki ba ya sake moruwa.

Allurar ƙara kuzari ita ma ba abin wasa ba ce. A watan Afrilun 2009, dawaki 21 na wata ƙungiyar ƙwallon dawaki ta Benezuwela suka mutu cikin sa'o'i a Wellington ta jihar Filorida, ana shirin fara wasa. An yi musu allurar haɗin bitamin da aka yi kuskuren zuba sinadarin seleniyam fiye da kima. Dawaki ne masu tsada, da likitoci a kansu. Haka nan kada a kuskura a ba doki abincin kaji ko sinadarin kitson shanu da sunan ƙarin gina jiki. Wasunsu na ɗauke da monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke lalata zuciyar doki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, sau da yawa matsalar tana cikin kwanon abincin da ake barbaɗa garin a kai. Dokin gata a ƙasar Hausa dawa da gero da dusa ake ɗura masa, saboda ana son a ga ya yi ƙiba yana sheƙi. Dusar alkama tana da fosfaras da ya ninka kalsiyam ɗinta kusan sau 10, hatsi ma ƙarancin kalsiyam gare shi. Jikin doki kuwa yana buƙatar kalsiyam ya fi fosfaras yawa, kamar ɗaya da rabi zuwa biyu a kan ɗaya. Idan abin ya juye na tsawon watanni, sai jiki ya fara zare kalsiyam daga ƙashi. Alamar farko ɗingishi ne mai yawo: yau ƙafar dama ta gaba, mako mai zuwa ta hagu ta baya. Doki ya riƙa tafiya a sandare, yana ƙin gudu. Daga baya ƙashin fuska ya kumbura tsakanin ido da hanci, muƙamuƙi ya yi kauri, haƙora su yi girgiɗi har tauna ta gagare shi. Mai shi ya ɗauka sanyin gaɓoɓi ne, ya ƙara gari mai tsada a kan dusar da ke cinye ƙashin. Alhali gyaran yana bakin ƙofa: harawar wake da ta gyaɗa cike suke da kalsiyam. A rage dusa da hatsi, a ƙara harawa da ciyawa mai kyau, likita ya ƙara garin kalsiyam in da buƙata. Kanwa da ake jiƙa wa doki ba ta maye gurbin wannan, domin gishiri ne irin na sodiyam.

Sauran abin da ke cinye gaɓa kowa na ganinsa a titi. Samari na kilisa da gudu a kan kwalta. Duƙushi ɗan shekara 2 an ɗaura masa sirdi da ƙato a bisa, alhali ƙashin bayansa ba ya gama ƙosawa sai ya kai shekara 5 zuwa 6. Dokin da ya shekara a turke yana cin hatsi, rana ɗaya a ɗora masa lifidi ya yi Hawan Sallah, washegari Hawan Daushe, sannan Hawan Nasarawa, ga jahi da ja da linzami farat ɗaya a tsakiyar gudu. Hawan nan abin alfahari ne, har UNESCO ta sanya na Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, amma dokin da zai yi shi yana buƙatar motsa jiki a kan ƙasa mai laushi tun makonni kafin ranar. Kofato kuma a riƙa gyara shi duk mako 6 zuwa 8, domin in ya yi tsawo ko ya karkace, gaɓar da ke samansa ce ke biyan bashin.

Ba kowane ɗingishi ne na gaɓa ba. Ƙusa ko ƙaya ko ruwan ƙurji a cikin kofato na sa doki ya ɗage ƙafa kamar ta karye. Rauni kusa da gaɓa mai fitar da ruwa mai yauƙi, ga kumburi da zafi, wannan na gaggawa ne, kwana ɗaya ko biyu na jinkiri kan iya nakasa dabbar har abada. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi.

Wanda likita ya duba dokinsa ya ce ba laifi a gwada gari, to ya nemi mai lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, wanda aka rubuta giram nawa na kowane sinadari ke cikin cokali ɗaya, ya ajiye shi a inuwa. Mai shiga gasa ya karanta abin da ke ciki da kyau, domin hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta hana amfani da wasu saiwoyin rage zafi a lokacin gasa. A ba garin wata 2, a sa wani da bai san ana bayarwa ba ya kalli takun dokin kafin da bayan haka. In babu bambanci, a daina.

Mai barga, idan dokinka ya fara ɗingishi, sauke sirdin, ɗaga kofaton ka duba, ka kira likitan dabbobi kafin ka kira mai talla.