Ranar da kwamfuta ta cinye ƙugiyar labarin Goggo

Shekara biyu na yi ina zama gaban goggona, yayar mahaifina, duk ranar Lahadi bayan la'asar, wayata a kan tabarma tana naɗar murya. Ita kaɗai ta rage a gidanmu da ta san yadda kakanninmu suka baro ƙasar Kano da fataucin goro, suka yi zama a Banyo, kafin wani reshe ya ƙaraso nan Ngaundare. Da dare idan na gama duba takardun yara sai in saurari muryar, in buga a tsohuwar kwamfutata. Kowane harafi na ba shi haƙƙinsa, ƙ da ɗ da ɓ duk da ƙugiyarsu, domin tun a kwalejin horon malamai, da aka nuna mana haruffan rubuta harsunan Kamaru da aka amince da su a 1979, na ga ɓ da ɗ a ciki, na daina yarda in rubuta daki alhali ɗaki nake nufi. Duk muryar da na gama bugawa kuma sai in goge ta, saboda wayar kullum kukan cika take yi.

Goggo ta rasu a 2020, Allah ya jiƙanta. Da 'yan'uwa na Duwala da na unguwar Briketeri a Yawunde suka matsa a buga musu labarin a takarda, sai na kwashe fayil biyu a filashi, wanda yaranmu ke kira kile, na buɗe su a wata kwamfutar aro, don tawa ta fara ɗaukewa da kanta. Na buɗe na farko, gabana ya faɗi. Inda na rubuta "ƙasar Kano" sai na ga "Æ™asar Kano". Ɗan ƙanenta da na rubuta da ƙaramin ɗ ya koma "É—an". Na fara gyarawa da hannu, na yi shafi uku na gaji, na adana a haka. Na biyun na buɗe shi da wata manhajar daban, ya fito lafiya lau. Garin in tsare shi daga irin abin da ya samu ɗan'uwansa, sai na sake adana shi a kan na asali, na zaɓi wani tsari da na ga kamar shi ne mafi sauƙi. Wani ɗan akwatin gargaɗi ya fito da Faransanci. Ban karanta ba, na danna na wuce. Bayan mako biyu tsohuwar kwamfutar ta mutu murus, mai gyara ya ce babu abin da zai fita daga cikinta.

Da na sake buɗe fayil na biyun, ya fi na farko kyan gani nesa ba kusa ba. Babu Æ, babu ™. Sai dai duk inda harafi mai ƙugiya yake, alamar tambaya ce ta zauna.

Akwai wani yaro da na koyar a firamare, yanzu yana karatun kwamfuta a jami'a can Dang. Na kira shi ranar Asabar, na nuna masa na farkon ina jin kunya, na ce wannan dai ya tafi, mu gwada ceto mai alamar tambayar. Ya duba duka biyun ya yi shiru. Sannan ya ce, "Malam, ai kun juya su. Wannan mai shirmen lafiyarsa ƙalau, yau za ku koma gida da shi. Wancan mai tsabtar ne nake jin tsoro."

Abin da ya koya mini a wannan yammacin, da abin da na bi na karanta daga baya, shi nake so in ba mai karatu, domin duk mai rubuta Hausa ko Fulatanci a na'ura zai gamu da shi wata rana.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Akwai jadawali da ke cewa lamba kaza harafi kaza ce. Jadawalin da ya zama uban sauran shi ne ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, mai gurbi 128 kacal: haruffan Ingilishi manya da ƙanana, alƙaluma, da 'yan alamomi. A cikinsa A babba lambarta 65, k ƙarama 107. Ma'ajin da kwamfuta ke zuba lamba ɗaya a ciki, wanda ake kira bayit, yana iya ɗaukar 256, saboda haka gurbi 128 suka rage fayau, kowane yanki na duniya ya cika su da nasa. Turai ta yamma ta zuba é da è da ç da ñ a jadawalin Latin-1, da ɗan'uwansa Windows-1252. Larabawa suna da nasu, Rashawa da nasu, Girkawa da nasu. Lamba ɗaya, idan ka karanta ta da jadawalin Faransawa ta ba ka É, da na Larabci ta ba ka wani abu daban. A jadawalin Turawan nan kuwa babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Shi ya sa a ƙasa irin tamu, takardar Faransanci take wucewa cikin tsohuwar manhaja sumul da duk 'yan hulunanta, ta Hausa kuma ta fito da rauni.

A 1991 aka fitar da Unicode, jadawali guda da ya ɗauki alkawarin ba kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai. A nan ƙ ta samu 409, ɓ 595, ɗ 599. To amma 409 ta fi ƙarfin bayit ɗaya. Sai a 1992 wasu injiniyoyi biyu na Bell Labs, Ken Thompson da Rob Pike, suka tsara UTF-8, dabarar da ke barin tsofaffin haruffan ASCII a bayit ɗaya kamar da, ta raba sauran gida biyu, uku ko huɗu. Yau fiye da kashi 95 cikin ɗari na shafukan intanet da shi aka rubuta su.

Nan ne yaron ya ɗauki birona ya rubuta a bayan ambulan. A UTF-8, ƙ bayit biyu ce: 198 da 153. Idan manhaja ta san UTF-8 take karantawa, sai ta haɗa su ta nuna ƙ. Idan ta ɗauka tsohon jadawalin Turai ne, sai ta karanta su ɗai-ɗai: 198 shi ne Æ, 153 shi ne ™. Haka ɗ, 201 da 151, wato É da doguwar sandar nan. Fayil na rubutu zalla ba ya ɗauke da takardar shaida a goshi da ke cewa ga jadawalin da aka rubuta ni da shi, don haka manhaja ƙintata take yi, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure. Japanawa, da suka sha wannan wahala ƙwarai saboda yawan haruffansu, har suna suka raɗa wa irin wannan shirme, mojibake, kuma da shi masu rubuta manhaja ke kiransa ko'ina. Faransanci ma ba ya tsira: wanda ya taɓa ganin "Ã©cole" a takardar ofis, ciwon ɗaya ne.

Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne lambobin suna nan, an dai karanta su da idon da ba nasu ba. Maganin shi ne a bi hanyar da aka zo a koma: a mayar da Æ da ™ lambobinsu na tsohon jadawali, sannan a sake karanta lambobin a matsayin UTF-8. Layi ɗaya ya rubuta da harshen Python, rubutu.encode("cp1252").decode("utf-8"), ya danna.

Bai yi ba. Shirin ya tsaya yana ƙorafi tun a shafin farko, kuma laifina ne. Shafuka ukun da na gyara da hannu na cusa musu ƙ da ɗ na gaskiya a tsakiyar na bogi, su kuwa ba su da gurbi a tsohon jadawalin da za a mayar da su. Ya ce, "Malam, da kun bar shi yadda kuka gan shi, da minti ɗaya ya ishe mu." Ya sake tsara shirin ya riƙa bi kalma-kalma, ya taɓa mai ciwo ya ƙyale mai lafiya. Ya sake tsayawa a wani wuri can ciki, inda Goggo ke cewa ɓarayi sun tare ayari, kuma jimlar da kalmar ta fara, da babban baƙi. Ashe Ɓ babba a UTF-8 ita ce 198 da 129, kuma 129 na cikin gurbi biyar da Windows-1252 ya bari babu komai. Wannan ma ya yi mata nata hukuncin daban. Kafin magariba shafi sittin da ɗoriya sun dawo da ƙugiyarsu cif. Na karanta sakin layi na farko da ƙarfi, muryata ta ƙi fita daidai.

Fayil na biyu fa? A nan juyin ya riga ya auku, kuma ta hanyar da ba ta da komowa. Manhajar ta karanta rubutuna daidai, ni kuma na umarce ta ta rubuta shi da jadawalin da ba shi da ƙ. Ta duba ba ta samu gurbi ba, ta yi mini gargaɗi, na ce ta ci gaba, sai ta sa lamba 63, wato alamar tambaya. Ɗ ma 63. Ɓ ma 63. Haruffa uku sun koma abu ɗaya, babu wani shiri a duniya da zai duba 63 ya san wace ce a da. Yaron ya ce a Python ma haka ne: idan mai rubuta manhaja ya gaji da ƙorafi, akwai kalma ɗaya da zai ƙara, shirin ya daina tsayawa, ya riƙa maye duk harafin da bai sani ba da alamar tambaya, ko ya jefar da shi shiru. A ganina wannan ita ce babbar illar, domin manhajar da ta tsaya ta yi ihu ta fi mana alheri a kan wadda ta yi shiru ta miƙo takarda mai tsabta. Wanda ya rubuta ta a Duwala ko a Faris ya gwada da sunansa da na abokansa, ya ga é ta fito, ya ce aiki ya yi.

Akwai na uku da ke tsorata mutane a banza, ɗan akwati mai kusurwa huɗu a madadin harafi. Wannan rubutunka lafiya yake, salon rubutun da aka zaɓa ne ba a zana masa ƙ ba. Canja salo, za ta fito.

Kada kuma a ce duk wannan tarihin tsofaffin na'urori ne. Saƙon tes na waya har gobe da ƙaramin jadawali yake tafiya, mai ba ka harafi 160 a saƙo ɗaya, kuma é da è da à suna ciki. Ka sa ƙ guda ɗaya, wayar ta koma wani tsarin, saƙon ya ragu zuwa harafi 70, abin da za ka biya sau ɗaya ka biya sau biyu ko uku. Na sha zagin ɗalibaina a raina kan rubuta baki a wurin baƙi, kafa a wurin ƙafa. Ban ce sun yi daidai ba, amma yanzu na san wani ɓangare na wannan ɗabi'a na'ura ce ta koya wa iyayensu da kuɗin kati.

Wata uku na yi a kan fayil na biyu, ni da biro. Mafi yawa Bahaushe ba ya buƙatar taimako: "?asa" ƙasa ce, "?iya" ɗiya ce, "ya ?ata rai" kowa ya sani. Amma ka duba "?aya", ɗaya ce ko ƙaya? "?auna", ƙauna ko ɓauna? "?aure", ɗaure ko ɓaure? Sai ka karanta gaba da baya kafin ka yanke. Na yanke duka sai wuri biyu.

Na farko rikicin bashin goro ne tsakanin kakanmu da wani maƙwabcinsa a Banyo, inda Goggo ta ce a ƙarshe ya biya shi "da ?ari". Goro da ɗari-ɗari ake ƙirga shi, ƙwarya guda ɗari ce, don haka ɗari ta zauna. Ƙari ma ya zauna, kuma ma'anar ta sauya: mutumin da ya biya abin da ake bin sa daban, wanda ya biya har ya ɗora daban.

Na biyu ya fi ci mini rai. Ta ce sun taso daga Banyo "a shekarar ?ari". Wanda ya san sanyin tudun Adamawa a watan Janairu zai ce shekarar ɗari take nufi, wata shekara da hunturu ya yi tsanani. Amma shafi biyu kafin nan tana maganar uwargidan kakanmu da ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, kuma tsofaffin mata da irin wannan suke ƙirga shekaru. Idan shekarar ɓari ce, to dalilin tashin ma wani ne daban. Na rufe ido na nemi muryarta a kunnena, wata rana in ji ɗ, wata rana in ji ɓ. Na kira baffana a Yawunde, ya ce shi a Ngaundare aka haife shi, bai taɓa jin zancen ba.

Kwafi ashirin muka buga, muka raba wa dangi a bikin wata ƙanwarmu. A shafi na 94 da na 101 na bar alamar tambayar yadda kwamfuta ta sa ta. Wata jikar Goggo, 'yar aji shida, ta kawo mini nata kwafin washegari, ta ce, "Baffa, akwai kuskure a nan," ta nuna mini da yatsa.